Yaya Murja da Kakar da Ba a Rubuta Ba

Daga Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 13 ga Maris 2007, daidai da 23 ga Safar 1428, Allah ya karɓi ran yayata, Dakta Murja Nazeer, a wani asibiti a nan Abuja, bayan wata takwas tana fama da ciwon daji. Shekararta arba'in da tara. Ni ce Hasana, ƙanwarta da ke bi mata, kuma ni na rufe mata ido.

Yaya Murja, an ce mini idan zan rubuta ta'aziyyarki in tsaya ga karatunki da kirkinki, in bar sauran. Zan faɗi karatun, zan faɗi kirkin, amma sauran ba zan bar shi ba, don kin san ni, ban iya haɗiye magana ba.

Tun muna yara a Zariya ke mai lissafi ce. Na tuna ranar da Baba ya fito da takardar salsalar gidanmu, wadda ake ajiyewa a cikin gafaka, ya karanto mana wane ɗan wane har kaka goma. Kina 'yar shekara goma sha biyu kika tambaye shi ina matan suke. Baba ya yi dariya ya ce ba a rubuta mata. Kika shiga ɗaki da fensir, kika fito kika ce masa a kaka na goma mutum yana da kakanni dubu ɗaya da ashirin da huɗu, takardarmu kuwa ɗaya kawai ta ambata. Daga baya Baba ne ya tsaya kai da fata sai kin karanta lissafi a jami'a.

Wannan tambayar ce ta zama aikinki. Da aka dawo mulkin farar hula aka buɗe sashen binciken ƙwayoyin gado a wata hukumar gwamnati a nan Abuja, kika dawo gida daga Turai, alhali suna roƙonki ki zauna. Abuja a lokacin ko'ina gini ake, kowa yana bin kwangila, ke kuwa kina bin kasuwanni da 'yar auduga a tsinke kina shafo yawun bakin mutane, da izininsu. Bayaninki bai taɓa canzawa ba. Kowa yana da iyaye biyu, kakanni huɗu, na bayansu takwas. Idan aka ci gaba da ninkawa har hawa talatin, adadin ya wuce biliyan, alhali mutanen duniya a wancan zamani ba su kai haka ba. Ashe dole kakannin nan su riƙa maimaituwa, nawa su zama naka. Lissafinki shi ne auna yadda zuriyoyi suke haɗewa idan aka bi su baya, da kuma hawa nawa za a yi kafin mutum biyu su tarar da uwa ɗaya.

Kin sha gaya mini cewa dillalan shanun kasuwar Dei-Dei sun fi wasu masu digiri saurin ganewa. Wani dattijo a can ya saurare ki har ƙarshe, ya ce ai su ma ta wajen uwa suke bin asalin saniya, don uba ana iya musunsa. Kika ce masa akwai wata alama a jikin ɗan Adam da uwa kaɗai ke bayarwa, ta ba 'ya'yanta duka, amma 'ya mace ce kawai ke miƙa ta gaba. Ya ce to ashe ku ma kun fara hankali.

Ba ki taɓa aika wa mutum sakamakonsa ta hannun wani ba. Da ƙafarki kike komawa. Ma'aurata nawa kika zaunar a falonki a unguwar Gudu kika yi musu bayanin ciwon sikila da ƙwayar gyaɗa a faranti, har suka gane abin da ɗaya cikin huɗu yake nufi? Wasu sun fita suna kuka, wasu suna godiya, kuma ba wanda kika bari ya tafi bai ci tuwo ba.

A kasuwar Zuba kika haɗu da Lydia Philip, Bagwariya mai sayar da lemo da abarba. Da kika gwada yawunta, alamarta ta uwa ta zo daidai da taki, har da wani ɗan bambanci da ba ki gani a wurin kowa ba cikin mutum sama da dubu biyu. Ba ki yi gaggawa ba. Kin ce dacewar alama kaɗai ba hujja ba ce, kika lissafa yiwuwar a ce dace ne kawai, kika ga ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Sannan kika je ƙauyensu kika zauna da tsofaffi. Suka ba ki labarin wata yarinya mai suna Shekwonya da mahara suka ɗauke a bakin rafi, mai yatsa shida a hannun hagu, ƙanwar kakar mahaifiyar Lydia.

Mu kuwa mun taso da labarin kakar Innarmu ta wajen uwa, wadda ake kira Nagode, mai yatsa shida, wadda Hausarta ba ta fita sosai. Idan muka tambayi garinsu sai a ce mu tashi mu ba mutane wuri. Baiwa ce aka kawo, ta musulunta, ta haifi kakarmu, kakarmu ta haifi Inna, Inna ta haife mu. Ranar da kika gaya mini cewa Nagode ita ce Shekwonya, kin yi kuka, kin ce shekara ɗari danginta suna nan tafiyar yini ɗaya a mota, ba wanda ya je ya ce musu ta rayu.

Kin rubuta wannan duka a littafinki, kin damƙa mini shi a asibiti.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Ranar sadakar uku Lydia ta zo gidanki da kwandon lemo a ka. Babban wanmu, Yaya Saleh, wanda yake darakta a ma'aikatar tarayya, ya sa aka shimfiɗa mata tabarma a waje, can gefen rumfa, ya ce wa mutane mai sayar miki da lemo ce. Dangi mata muna ciki. Na fita na same ta tana zaune ita kaɗai, ta kama hannuna ta ce da Hausarta ta Gwari:

"Dakta ya ce ni sista ɗinsa ne. Ni ban zo neman komai ba, na zo gaisuwa ne kawai."

Na ce mata sannu, na koma ciki. Ban jawo ta ba, Yaya Murja. Na ji nauyin idon mutane. Wannan kunyar tawa ce, kuma ba zan ɗora wa kowa ita ba.

Bayan kwana biyu Yaya Saleh ya kira ni ya ce in ba shi littafin. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da dalili. An sa ranar auren 'yarsa Bilqis, dangin mijin suna binciken asali, kuma gida ne da ke ji da kansa. Ya ce idan maganar baiwa ta fita za su iya fasawa, kuma wadda ta mutu ta riga ta huta, a tausaya wa mai rai. Na ce masa zan yi shawara. Shawarar da na yi da Bilqis na yi ta, don ita ce za ta ɗauki abin da zai biyo baya. Ta karanta littafin daga farko har ƙarshe, sannan ta ce:

"Gwaggo, gara su sani yanzu. Ina sonsa, amma ba zan shiga gidan da zan riƙa ɓoye kakata ba."

Don haka, Yaya Saleh, da girmanka da komai, littafin ba zai zo hannunka ba. Alamar da kake gudu tana jikinka, Inna ce ta ba ka kamar yadda ta ba mu. A lissafin Murja, Shekwonya ɗaya ce cikin kakanni goma sha shida na Bilqis. Duk gidan da zai ƙi yarinya saboda ɗaya cikin goma sha shida, ya fito da nasa goma sha shidan, maza da mata, ya kira sunansu a gaban mutane. Ban san gidan da zai iya ba. Kuma ko da an iya, abin kunya yana kan wanda ya ɗauke yarinya a bakin rafi, ba kan yarinyar ba. Yana iya yiwuwa a fasa auren, na sani, kuma idan aka fasa ni za a zaga. Na yarda.

Ya Allah, ka jiƙan Murja, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ka sa ilimin da ta bari ya zama sadaka mai gudana. Ka jiƙan Baba da Inna. Ka jiƙan kakarmu Shekwonya, wadda ta rayu ta mutu a gidanmu ba a kira ta da sunanta ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga mijinta, Injiniya Abdulƙadir, da 'ya'yanta Tawfiq da Kauthar, da abokan aikinta, da Yaya Saleh, wanda na san shi ma yana kukanta. Allah ya ba mu haƙuri gaba ɗaya.

Ina kuma miƙa ta ga 'yar'uwarmu Lydia Philip da dukan danginmu na ƙauyensu. Lydia, ki yafe mini. Ki dawo ranar sadakar arba'in, wurinki yana ɗaki cikin dangi. Idan kuwa aka sake cewa a shimfiɗa miki a waje, to a nemo babbar tabarma, don ni da Kauthar da Bilqis a can za mu karɓi gaisuwa.