Sunan Gidan Attahiru Hauni

Attahiru Hauni tela ne a Ƙofar Rini, kuma duk unguwar babu matsoraci kamarsa. Ko allura ta soke shi sai ya yi salati. Tun yana firamare yake gaya wa mutane cewa kakan mahaifinsa bahago ne, don hauni hagu ne a bakin Sakkwatawa. Amma ya san gaskiya. Hauni a zamanin da shi ne mai sare kan wanda alƙali ya yanke wa hukuncin kisa, kuma aikin kakan nasa ke nan. Kalmar ta tsufa, yaran yanzu ba su san ta ba, shi kuwa kullum addu'arsa ita ce kalmar ta ƙarasa mutuwa.

Sai Mu'az, wani malamin makaranta daga Gidan Igwai, ya fito neman 'yarsa Balkisu, ita ma ta mutu a kansa. Dangin yaron suka aiko cewa baffansa, Malam Junaidu, zai zo binciken asali. Tsoho ne da ya san tarihin kowane gida a birnin. Tun daga ranar abinci ya daina shiga wa Attahiru, har ya ɗinka wa wani hannun riga a baibai. Wa zai auri jikar mai sare kai?

Da tsohon ya zo, suka zauna a zaure. Attahiru bai jira tambaya ba, ya ce, "Baba, sunan ga namu, kakanmu bahago na."

Malam Junaidu ya dube shi ya ce:

"Bari, ɗana. Na san Hauni. Shi yas sare kakana bakin kasuwa."

Attahiru ya dafe kai. A ransa ya ga auren ya watse, ya ga Balkisu tana kuka, ya rasa ta inda zai fara ba da haƙuri.

Tsohon ya jawo ƙullin goro daga aljihu ya ajiye a gabansa.

"Hukunci na alƙali na, ba nashi ba. Amma kakata tana wurin. Ta ce ya jira mijinta yag gama kalmar shahada, kuma sara guda yay yi, bai wahal da shi ba. Har ta rasu tana sa mai albarka. Ku sa muna rana."