Keken Malam marar birki

Jiya wani keke ya wuce ƙofarmu a Ganou, ƙarar sarƙarsa ta sa ni kuka. A da maigidana Malam yana da keke marar birki, fedarsa ba ta tsayawa muddin taya na juyawa. Bai taɓa ɗora masa goron da yake sayarwa ba, na yawo ne kawai.

Ina da cikin fari ya goya ni a hanyar Partago. Muna gangarowa sai ga shanu sun tare hanya.

Na ce, "Malam, tsaya."

Ya ce, "Riƙe ni, kar ki motsa."

Cinyoyinsa na rawa yana danne feda baya, har muka tsaya ina jin hucin saniya a fuskata. Sai ya yi dariya.

Kwana uku ban yi masa magana ba. Yau kwanakin nan nake nema. Allah ya haskaka kabarinsa.