Zangarniya Mai Kaba

Ina koyar da adabi a wata makarantar 'yan mata a Isa. Duk shekara, in mun karanta wasan kwaikwayon da kwaɗayi ke kai mutum ga halaka, sai wata ta tambaye ni ko haka aka haife shi. Nakan ce a'a. Ban taɓa gaya musu a gidanmu na koyi amsar ba.

Yayana ɗan wabi ne. Uku Inna ta binne kafin shi, don haka da ya tsaya, aka hana kowa ce masa bari. Tuwonsa daban, kwanonsa daban. Mu huɗu da muka biyo baya kuwa, kwano ɗaya, mai saurin hannu ya ƙoshi.

Baba yana da al'ada. In gero ya nuna a gonarmu ta bayan Sabon Birni, sai ya bi kunya kunya yana ɗaura kaba a zangarniyar da ta fi cika. Wannan ita ce irin baɗi, ko shi ba ya taɓa ta. Amma Yaya in zai ci tumu, sai mai kaba yake so. Ya zauna ƙasa yana shure-shure, Inna ta waiga, ta karya masa biyu, ta cusa kabar a bakin zane. Na gani da idona, ba sau ɗaya ba.

Shekarar da Baba ya rasu damina ta yi gardama. Abin da muka samu bai kai mu bazara ba, amma damin iri uku na nan cikin rufewa, rumbunmu na ƙasa. Mun ci tafasa da garin rogo muna kallonsu. Geron kakanmu ne, mai saurin nuna, ba a samunsa a kasuwa.

Ranar da hadari ya fara haɗuwa na leƙa rufewar, wayam. Yaya ya ɗora su a babur ya kai kasuwar Bafarawa. Bai ma ɓoye ba, cewa ya yi tayarsa ta mutu. Wallahi ranar na tsane shi, na ɗauki muciya. Inna ta riƙe ni.

"Aje ta. Ni na koya mishi. Za ni Alkalawa in roƙo iri."

Tsohuwa ta bi dangi gida gida da ƙwarya, nan tafi ɗaya, can tafi biyu. Gonar ta fito barkatai, wani ya nuna wani bai ko fid da kai ba. Geron kakanmu layi biyu kacal muka gane a ciki, daga wajen wata gwaggo.

Da kaka Inna da kanta ta ɗaura kaba a layin nan biyu. Muna tsaye Yaya ya iso, mutum mai shekara arba'in da mata da 'ya'ya. Ya gaishe ta, ya kai hannu ga mai kaba kamar yadda ya saba. Inna ta kaɗe hannun da ƙarfi, har na ji ƙarar.

Bai yi fushi ba. Ya dubi hannunsa, ya dube ta, idonsa ya ciko.

"Inna, mi na yi?"

Da gaske yake tambaya. Inna ta sunkuya ta ƙara ɗaure kabar.