Igiyar da Kawu Yake Auna Ni

Jiya aka goyo wata ɗalibata mai lalurar ƙafa har ƙofar aji, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Kafinta ne a Limawa, ni kuma shan inna ta taɓa ƙafafuna. Duk zangon karatu yakan auna ni da igiya, ya sassaƙa mini sababbin sanduna, ya buga musu guntun taya kada in zame a siminti.

Wata safiya na yi kuka sai an goya ni. Ya kakkaɓe garin katako daga gemunsa, ya ce, "Wa zai goya ki bayan raina? Tashi."

Igiyar tana wurina, amma ban iya riƙe zarto ba. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya kawo wa yarinyar nan nata kawun.