Ruwan Fuska a Gindin Lalle

An taɓa binne ni a ƙauyenmu da ke arewa da Mai'adua. An yi mini salla, an karɓi gaisuwa, an yi sadaka. Wanda aka naɗe a likkafanin dai wani ne daban. Kafin in faɗi yadda aka yi, sai na fara da kakata, don ba domin ita ba da har yau ina cikin lissafin matattu.

Iya muke ce mata. Ita ta riƙe ni tun rasuwar uwata. Sunan mijinta aka sa mini, Habu, shi ya sa bakinta bai taɓa kama sunana ba. Maigida take kirana. In tsokana ta motsa mata, ta ce Maigida mai baƙin wuya.

Shekarun da aka kawo shari'a aka hana kiɗan dandali, yara suka rasa wurin zuwa bayan isha'i. Sai muka tare a tsakar gidan Iya, ni da 'ya'yan ɗanta Kawu Isa da na maƙwabta. Garwashin da aka sauke tuwo take turawa gefe, ta ɗora masa ɗanyen ganyen darbejiya saboda sauro. Mu zagaye shi, hayaƙi yana sa mu hawaye. Amma ba mai jin tatsuniyar Iya sai ya wanke fuska.

Tana da ƙwarya guda da ba a dama fura a ciki, ba a shan ruwa da ita, ta fuska ce kawai. Ruwan mai ɗumi ne, daga tukunyar da ke jingine da murhu. Sabulun salo ne, wanda ta haɗa da kanta da tokar karan gero da man gyaɗa. Ba a dirzawa, da tafin hannu ake bi a hankali har bayan kunne. Kowa da tsummansa na gogewa, wanda ya ɗauki na wani kuwa kunnensa zai gaya masa. Ƙurji in ya fito ba a matse shi. In an gama sai ta lakato man kaɗanya, ta murza a tafinta har ya narke, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ni na tsani warin man nan. Da hannunta ya doso ni sai in cika kumatu da iska, in ɗauke numfashi, in karkatar da kai hagu. Ita kuma ta ɗan daki ƙeyata.

"Ku ga mijin banza. Ana yi masa gata yana kumbura kamar kwaɗo."

Yaran gidanmu ba mai ƙyasbi, ba mai makero. Mata kan zo tambayarta abin da take ba mu. Amsarta ɗaya ce: "Ba a kwana da fuskar yini. Duk idon da ya kalle ka tun safe yana nan manne."

Akwai doka ta ƙarshe. Ruwan da aka wanke fuska ba a watsa shi a lungu, ba a zuba shi a kwata. Sai a kai shi gindin lallen da ke kusurwar gida, a yi bisimilla, a tsiyaye a hankali. Wata rana Ladidi, 'yar Kawu, ƙyuya ta kama ta, ta watsa nata ta kan danga. Iya ba ta yi faɗa ba. Ta kalli dangar ta daɗe, kamar mai sauraren wani abu a bayanta. Sannan ta ce mu matso.

Labarin wata yarinya ne, Tasalla, mai fuska kamar an wanke wata. Tabo ɗaya gare ta, ɗan ƙarami a haɓa, na ƙurjin da ta matse tana ƙarama. Uwarta tana alfahari da ita, in baƙi sun zo ta ce ta fito su gani, amma ba ta taɓa sa hannu ta wanke mata fuskar ba. Tasalla ita ke wa kanta. Kullum da almuru ta wanke, ta zagaya bayan gida ta juye ruwan a kan wani tsohon suri, don shi ya fi kusa. Ba bisimilla. Surin kuwa ya shanye tas, ko danshi ba ya bari.

"A cikin surin akwai mai zama," in ji Iya, muryarta ta koma ƙasa. "Tana da hannu, tana da ƙafa, tana da gashi har gadon baya. Fuska ce ba ta da ita. Wurin sumul yake kamar bayan ƙwarya."

Ruwa yana sauka, mai zama tana tara hannu tana shafawa. Yau gira ta fito. Gobe hanci. Tasalla kuwa ta fara dusashewa, in ta leƙa randa sai ta ga kamar ana kallonta ta cikin hazo. Ana nan mutane suka fara ce mata, jiya mun gan ki a kasuwar Baure, mun gaishe ki kin yi murmushi ba ki amsa ba. Ita ko ƙofar gida ba ta fita ba. Bakin ne bai gama nuna ba, shi ya sa waccan ba ta amsawa.

Ran da bakin ya nuna, da almuru, uwar ta ji sallama biyu da murya ɗaya. Ta fito zaure ta tarar da Tasalla biyu. Kowace ta ce, Inna, ni ce. Kowace ta san sunan akuyar gidan, ta san inda ake ɓoye daddawa, don duk abin da ke cikin kan mutum yana bin ruwan fuskarsa. Uwar ta ɗaga fitila. Ɗaya ta koɗe, ga tabo a haɓa. Ɗayar fes take, ko ɗigo babu. Uwar ta ce, 'yata ba ta taɓa muni ba. Ta kama hannun mai kyan ta shige da ita, ta sa sakata.

Nan Iya ta tsaya. Ba ta rufe da kan ɓera ba kamar sauran tatsuniyoyi. Garwashi ya yi ƙara, wani ƙaramin yaro ya cusa kai cikin zanenta.

Ladidi ta ce, "Iya, ta gaskiyar fa?"

"Tana nan tana yawo. Da almuru take bin bayan dangogi, ko wata za ta watso mata abin da za ta shafa."

Ladidi ta fashe da kuka. Ni na daure na ce, "To ke da wa za ki ɗauka?"

"Kai dai ka bar kumbura, Maigida. Uwar nan da ido ta zaɓa."

Ban gane ba. Abin da na ɗauka kawai shi ne kada in bi ta kusa da suri, kuma na yi shekaru ban bi ba.

Da na girma na shiga kai fetur ƙetare a babur, jarkoki gaba da baya, ta hanyoyin daji. Wata safiya wani bawan Allah ya tsayar da ni, ya ce in rage masa hanya. Ya ɗare kan jarkokin. Ko sunansa ban tambaya ba. Muka shiga rairayi, babur ya kwanta, jarka ta fashe a kan salansar babur mai zafi, wuta ta tashi. Abin da na sani na ƙarshe shi ne ina gudu wuta tana bina. Makiyaya suka tsince ni can nesa, suka ɗora ni a amalanke zuwa wani asibiti a cikin Nijar. Mutanenmu da suka zo wurin suka ga babur ɗina, suka ga gawa ɗaya da ba ta ganuwa. Gawa ba ta jira. Kafin la'asar sun rufe ta.

Na daɗe a kwance ba baki. Da maganar ta dawo, ta dawo da wata murya kamar ana jan buhu a ƙasa. Fuskar kuwa, ranar da aka kwance mata bandeji na roƙi madubi, na duba sau ɗaya na mayar.

An gama girbi na iso gida, rana ta yi ja. Yara suna ganina suka watse. Kawu Isa ya fito zaure ya tsaya, hannu ɗaya a jikin ƙofa.

"Bawan Allah, lafiya?"

"Kawu, ni ne. Habu."

Ya ja da baya, leɓensa yana motsi da addu'a. "Habu ni na sa shi a kabari da hannuna."

Na faɗi sunan uwata. Na faɗi iyakar gonarmu, da rijiyar da ta rufta, da karen da ya cije shi. Mutane sun taru amma ba wanda ya matso. Wata mata daga baya ta ce, ai sukan san komai. Muryar Ladidi ce. Nan na gane duk abin da zan faɗa ƙara nisanta ni yake yi. Rabin masu tsayuwar nan a gaban garwashin Iya suka girma. Ga almuru yana shigowa, ga ni a bakin ƙofa ina cewa ni ne.

Sai na ji sanda tana dukan ƙasa daga ciki. Iya ce, ta rankwafa, yanar tsufa ta rufe mata idanu.

"Isa, wa kake tsarewa?"

"Iya, koma ciki. Wani ne yake cewa wai shi ne marigayi."

"Ko wane ne, daga hanya yake. Ladidi, ɗumamo ruwa. Ki ɗauko ƙwaryar."

A nan bakin zaure ta sa na durƙusa. Hannunta ya bi fuskata da sabulu, a hankali, har bayan abin da ya rage na kunne. Yatsunta suna neman abin da suka sani, ba su samu ba. Ta ɗauraye ni, ta goge da gefen zanenta, ta lakato mai ta murza a tafi. Warin ya bugi hancina. Wallahi ban yi niyya ba. Kumatun da suka ƙone suka cika da iska, numfashi ya ɗauke, kaina ya karkata hagu.

Hannunta ya tsaya a sama. Sannan ya sauka a ƙeyata.

"Har yanzu ba ka daina ba, Maigida?" Ta juya wajen Kawu. "Ɗauke hannunka daga ƙofar nan. Gobe ka je ka nemi dangin wanda ka binne."

Ita da kanta ta lallaɓa da ƙwaryar zuwa gindin lalle.

An nema, ba a samu danginsa ba. Iya ta ƙara damina biyu ta rasu. Ina yaro na zaci labarin Tasalla na aljanar suri ne. Na uwar ne, wadda ta yi shekaru tana kallon fuskar 'yarta ba ta taɓa riƙe ta a tafin hannu ba. Sabulu da mai sun hana mu ƙyasbi, gaskiya ne. Amma kowane dare tsohuwar nan haddace mu take yi, mu muna ganin wanki ne.

Yanzu ina Daura, ina gadin wani garejin gyaran babura. Fatar nan in ba ta sha man kaɗanya ba tsagewa take, don haka kullum da yamma ina wankewa in shafa, ina ɗauke numfashi. Na dasa lalle a fasasshiyar tukunya, nan nake juye ruwan. In azumi ya gabato nakan je ƙauye in yi wa bawan Allahn nan addu'a. Har gobe kabarin Habu ake ce wa wurin. Ni ina nan da raina.