Barimar Hancin Parul

Mu mutanen bakin kogin Jamuna muna da wani girman kai: muna ganin babu abin da wani zai faɗa mana game da ruwa. A cikinsa aka haife mu, shi ke cinye gonakinmu, shi kuma ke ciyar da mu. To duk ƙauyukan Sirajganj, ba na jin akwai wanda ya kai Joigun Nesa wannan taurin kan.

A tsibirin yashi na tsakiyar kogi aka haife ta. Tun tana 'yar mitsitsiya take taya uwarta kwance kwanon ɗaki duk shekarar da gaɓa ta zabtare, su loda a kwalekwale su yi gaba. Kogin ya ci mahaifinta, ya dawo da gawarsa a wata gaɓa can ƙasa. Ya ci mijinta, mai fito, shi ma ya dawo da shi, aka yi masa sutura kamar kowa. Daga nan Joigun ta kafa dokarta, ba ta kuma taɓa sauka daga kanta ba: ruwa ba ya riƙe mutum. Mai rai ya fita a tsallake, matacce ya taso a binne shi. Wanda ba a ga gawarsa ba, yana tsallake.

Babban ɗanta Tofajjal masaƙi ne, lungi yake saƙawa, zanen da mazanmu ke ɗaurawa. Shekarar da zare ya yi tsada masaƙu suka fara rufewa, wani dillali mai zaƙin baki ya zagaye ƙauyen da labarin Malesiya: ba fasfo, ba biza, jirgin kamun kifi kawai za a shiga daga Cox's Bazar, garin bakin teku. Tofa ya tafi ya bar matarsa Parul da cikin fari. Sau ɗaya ya bugo waya, ya ce gobe za su tashi. Bayan shekara wani saurayi na ƙauyen gaba ya dawo daga kurkukun wata ƙasa, ƙashi da fata, ya ce jirgin su Tofa ya kife a tsakiyar teku, su suna jirgin baya suna gani.

"Ya kife, to sai me?" in ji Joigun, ta tofar da jan yawun ganyen pan da take taunawa kamar goro. "Yaron da ya ƙetare Jamuna ana tsakiyar ambaliya da ɗan akuya a wuya? Kai dai ka ce ba ka ga inda ya fita ba."

Liman ya zo da maganar addu'a da sadaka, ta ba shi shayi ta sallame shi. 'Yan'uwan Parul suka zo ɗaukar 'yar'uwarsu, ta tare ƙofa. A wurinmu uwar miji ce ke sa wa amarya barima a hanci ranar tarewa, kuma barimar ba ta fita sai ranar da miji ya mutu. Joigun ta ce duk wanda ya taɓa barimar nan shi ya kashe mata ɗa. Haka Parul ta zauna, ba aure ba takaba, ta haifi 'yarta Tuni, ta yaye ta, ta sa ta a makaranta, ana neman shekara goma. Ni dai abin yana ci min rai, don na ga Parul tana amarya mai dariya, na kuma gan ta ta koma mai magana da ka. Amma wa zai ce wa uwa ɗanta ya mutu alhali babu kabari?

Mintu, ƙanin Tofa, yana aiki a kamfanin ɗinki a Gazipur. Da ya zo ƙaramar Salla ya ce zai kai uwarsa da Parul da Tuni Cox's Bazar su ga teku, kamar yadda kowa ke kai iyalinsa yanzu. Duk mun ɗauka tsohuwar za ta ƙi, sai ga shi ita ta riga kowa ɗaure kaya. A ƙunshinta akwai sabon lungi da mazarƙwaila irin wadda Tofa ke so, a bakin zanenta kuma ta ƙulle kuɗin fito. Ba yawon shan iska za ta ba. Abin da muke yi in mutum ya ɓace a Jamuna shi ta yi niyya: a shiga kwalekwale a ƙetare, a bi ƙauye-ƙauye ana cigiya.

Da hantsi suka gangara rairayi. Jama'a ba masaka tsinke. Ga masu hayar kujeru da laima, ga masu hoto suna bin mutum kamar ƙuda, ga mata sun faɗa ruwa da kayansu duka suna ihu. Ita kuwa Tuni ta ja hannun baffanta Mintu suka ruga. Joigun ta tsaya ta kare ido da tafin hannu, ta daɗe tana dubawa.

"Bouma," ta ce da Parul, don haka take kiran matar ɗanta, "idona ya mutu. Ke kina hango bishiyoyin can?"

"Ba na hangowa, Inna."

"Cika ya yi. Ko kogin namu ai yakan ɓoye tsallakensa da damina. Bari ya janye."

Ta ƙi kujerar haya, ta zauna a ƙasa kusa da wani tsoho mai sayar da ɗanyar kwakwa, baƙi wuluk, hannayensa duk tabon igiya. Ta tambaye shi inda masu fito ke tsayawa.

"Fito zuwa ina, Khala?" in ji shi, wato goggo.

"Tsallake mana. Ko ku nan ba ku ƙetarewa?"

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya. "Ku mutanen arewa ba ku da dama! In kin gano tsallaken ki aiko min, in kai kwakwata can, ko na huta da 'yan birnin nan masu tsotsar ɗaya su biyar."

Joigun ba ta yi dariya ba. Ta ce ɗanta ya shiga jirgi daga nan, jirgin ya kife, amma ya iya ruwa. Dariyar ta mutu a bakin tsohon. Ya dubi Parul, ya dubi barimar, ya sunkuyar da kai.

"Ki yafe ni, Khala. Ni masunci ne kafin ƙarfina ya ƙare. Mukan yi kwanaki muna tafiya da inji, daga sama sai ruwa." Ya sare kan kwakwa ya miƙa mata, ya ƙi karɓar komai.

Ta yi kunnen uwar shegu da maganarsa, ta ci gaba da jira. Bayan azahar ruwa ya fara ja da baya, rairayi ya buɗe fili guda. Ta miƙe zumbur. "Ba na faɗa ba? Ga shi yana janyewa!" Ta bi shi, Parul na biye da ita riƙe da ƙunshin. Suka wuce masu hoto, suka wuce masu wanka, har inda ruwan ya tsaya ya ƙi ƙara ja. Sama garau, ba hazo ba gajimare. Joigun ta duba, ta sake dubawa. Gani ya kori ji.

Ƙishirwa ta kama ta. Ta sunkuya ta kamfaci ruwa ta kai baki, kamar yadda ta saba a gida. Nan take ta furzar, tana tari.

"Gishiri ne," ta ce. Ta dubi tafin hannunta. "Bouma, gishiri ne. Ashe ko sha bai samu ya yi ba."

Ban san kukan da ya fi wannan ciwo ba, na tsohuwar da ba ta zubar da hawaye a kan miji ba. Ta durƙushe cikin ruwan tana kiran Tofa da sunan yarinta. Mintu ya sheƙo a guje, Tuni na bayansa jiƙe sharkaf tana tambayar kakarta, "Dadi, yaushe za mu ƙetare wurin Baba?"

Joigun ta ce da Mintu ya raba mazarƙwailar ga mabarata, lungin kuma ya ba tsohon nan, in sun koma gida ya kira mata liman. Sannan ta ce, "Bouma, matso."

Parul ta durƙusa. Barimar ta daɗe ba ta motsa ba, ta kama nama, tsohuwar ta yi ta murɗa ta da yatsunta. Da ƙyar ta fita, ta bar ɗigon jini. Sai da Parul ta kai hannu ta ji wurin wayam, sannan ta fasa ƙarar da ta sa masu wanka suka waiwayo.

Joigun ta ɗauraye barimar a ruwan, ta kwance bakin zanenta, ta ƙulle ta tare da kuɗin fiton.