Hoton Amaryar Mashi da Na Kasa Saukewa

Edita, ina yi maka sallama, kai da duk mai karanta wannan shafi. Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da gama sakandare ba, ina gidan iyayena a cikin garin Daura, sana'ata kuwa lalle. A wurin Inna na koya, ita ma a wurin tata mahaifiyar. Da wuya a yi biki a unguwarmu ba a aiko gidanmu ba, har daga Mashi da Mai'aduwa da Babban Mutum akan turo mota a ɗauke ni. Ina ji da kaina a lokacin, don hannuna yana da kyau kuma na sani. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba, saboda waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu. Har yanzu in wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, in aka yi sallama a zaure da muryar da ban sani ba sai in shige ɗaki.

Wanda bai san aikinmu ba sai na ɗan yi masa bayani. Mai lalle tana shiga inda namiji ba ya shiga. Amarya tana can ƙuryar ɗaki, an gama mata dilka da kitso, kanta ba ɗankwali, daga ita sai ɗaurin ƙirji, ta miƙe hannu da ƙafa ana zana mata. Ko yayanta da suke ciki ɗaya ba ya leƙa ɗakin nan. Da na sayi waya mai kyamara sai na fara ɗaukar hoton zanen da na yi, don in riƙa nuna wa masu zuwa su zaɓa. Amma kun san biki, ƙawaye na shewa, sai wata ta ce haba mai lalle, hannu kaɗai za ki ɗauka, ɗauke ta gaba ɗaya mana ta ga yadda ta yi kyau. Sai in ɗauka. Duk suna nan cikin katin wayar, na hannu da na fuska a gauraye, ban taɓa zama na ware su ba.

Wata ƙawata da muka yi makaranta tare, wadda ta koma Kano, ita ta sa mini ra'ayin buɗe shafin intanet. Ta ce masu lallen Kano duk sun waye, in na buɗe nawa har daga Katsina da Damagaram za a neme ni. Na gaya wa Yaya, wato babban wanmu, wanda yake kai kaya Kongolam, bakin iyakar Nijar, ya ce shawara ce mai kyau. Akwai wani saurayi mai shagon kwamfuta kusa da tasha, yana yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, an ce ya iya haɗa shafi. Yaya ne ya raka ni wurinsa.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, mutumin nan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce hanya biyu ce. Ta farko, akwai manhajar da aka riga aka gina, wadda mutane da yawa suke ɗora shafinsu a kai. In ya ɗora mini nawa a kanta, zan samu kalmar sirri tawa, in shiga daga wayata in sa hoto, in cire hoto, in gyara rubutu, ba sai na nemi kowa ba. Sai dai dole in riƙa zuwa shago na 'yan kwanaki ya koya mini. Ta biyu kuwa, shi zai rubuta shafin da hannunsa, shi zai riƙe komai, duk abin da nake so a sa ko a cire sai in aiko masa. Tun kafin ya rufe baki na ga Yaya ya ɗaure fuska. Ya ce ƙanwarsa ba za ta riƙa zaryar shagon saurayi a bakin tasha ba, garin nan kowa ya san kowa, kafin a kwana biyu magana ta kai kunnen Baba ko na 'yan hisba. Ni ma a raina daɗi na ji, don kunyar zama kusa da shi nake yi, kuma tsoron kwamfuta nake. Saurayin ya dube ni ya ce Malama, ki sake tunani, ta farkon ta fi miki, shi ɗan Adam ne, yau yana nan gobe ba ya nan. Na sunkuyar da kai na ce shi dai ya riƙe komai, mun yarda da shi. Da yake ba ni da imel, har rajistar ma da sunansa da imel ɗinsa aka yi.

Sai maganar hotuna. Ya ce in zo mu zauna in nuna masa waɗanda za a sa. Wannan ma muka ga ba ta yi ba. Na zare katin daga waya na ba Yaya, na ce ya gaya masa na hannu da ƙafa kawai zai ɗauka, kar ya taɓa sauran. Ranar Yaya yana sauri mota za ta tashi, ya miƙa masa katin daga bakin ƙofa ya ce ga hotunan, ya wuce. Saƙona bai isa ba. Shi kuma ya kwashe duk abin da ke ciki ya zuba a shafin. Da aka gama na duba a wayar Yaya, fuskar shafin ta yi kyau, ga hannuwa da jan lalle da baƙi, ga lambar wayata. Ban san akwai wani wuri can ƙasa da ake dannawa a shiga sauran hotuna ba. Data tana da tsada, na kalli na gaban na rufe, na yi ta murna ina gaya wa mutane ni ma na shiga intanet.

An ɗauki watanni. Wata rana da hantsi ina kwaɓa lalle a tsakar gida, sai ga mata biyu sun shigo, sallamar ma a ciki-ciki. Na gane babbar, mahaifiyar wata amarya ce da na yi wa lalle a Mashi, yarinya mai fara'a da aka kai Mai'aduwa gidan wani mai sayar da shanu. Ko tabarmar da Inna ta shimfiɗa ba ta kalla ba. Ta ce ina 'yar bokon take, wadda aka buɗe wa ɗaki aka ba ta fura da nama, ta fita ta tallata musu 'ya a duniya. Ta miƙo mini waya. Ga 'yarta nan tana dariya, kai a buɗe, sabon kitso, kafaɗu a waje, ga sunan sana'ata a sama. Kwanon lallen ya suɓuce daga hannuna. Ashe wani abokin kasuwar mijin ne yake nema wa ƙanwarsa mai lalle, ya faɗa shafina, ya danna har ciki. Kafin a tashi kasuwa hoton ya zaga kara, wato kasuwar shanu. Suna ce wa mijin ango, ashe 'yar fim ka auro ba ka gaya mana ba, wani ya ce yanzu kam sun ga abin da ya sa yake saurin komawa gida. Mijin ya koma gida ya yi mata saki ɗaya. Da manya suka sa baki, ya ce ba ya ƙin matarsa, ya kuma san ba laifinta ba ne, amma ba zai iya zama da ita alhali kowane ƙato zai buɗe waya ya kalli gashinta ba. In an cire hoton kafin ta gama idda zai mayar da ita. Uwar ta ce to ga ni ga wayar, in cire yanzu tana tsaye. Na ce ba zan iya ba. Ta ɗauka rashin kunya ce, saura kaɗan ta mare ni.

Na saka hijabi na fita ba tare da na jira kowa ba, wannan karon ban tuna da surutun mutane ba. Na isa tasha na tarar shagon ya zama na sayar da caja da katin waya. Sabon mai shagon ya ce ai wancan ya daɗe da tafiya, ya sayar da kwamfutocinsa ya bi ta Kongolam, an ce Agadas ya nufa, daga nan Libiya neman aiki. Layinsa a kashe. Yaya ya nemo gidansu, muka je. Mahaifiyarsa tsohuwa ce, da ta ji abin da ya kawo mu sai ta fashe da kuka, ta ce ita ma tun da ya kira ta sau ɗaya daga Agadas ba ta sake jin muryarsa ba, in mun same shi mu gaya masa tana nan. Muka yi mata sallama muka fito.

Daga nan muka tafi Katsina wurin wani da aka ce ya ƙware. Ya duba ya duba, ya girgiza kai. Ya ce ba kalmar sirri, ba imel, kamfanin da shafin yake zaune a wurinsa kuma yana wata ƙasa, ba abin da zan nuna musu da zai tabbatar nawa ne, tunda ko'ina sunan wancan ne. Ya rubuta musu duk da haka, ba amsa mai amfani. Ya ce da a kan irin manhajar farko aka ɗora, kuma mabuɗin yana hannuna, kafin shayi ya tafasa ya nuna mini na cire. Yanzu kuwa sai dai a jira, don shafi kamar shagon haya yake, in shekara ta cika ba a sabunta ba zai rufe da kansa. Na tambaye shi yaushe ke nan. Da ya faɗa, na lissafa da iddar yarinyar a zuciyata, na ga ba za su haɗu ba. Da muka sauka a Daura sai Yaya ya ce shi ne ya hana ni koyo, in yafe masa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Maganar ta kai gaban mai unguwa, don ba amaryar Mashi kaɗai ce a shafin ba, wasu mazajen ma sun ji, har ana batun kotu. Baba yana zaune gefe ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi. Mai unguwa ya tambaye ni ko shafin nawa ne, na ce nawa ne. Ya ce to in rufe. Na ce ba ni da iko. Ya ce 'yar nan, shi bai yi boko ba, amma bai taɓa jin shagon da mai shi ba ya da makulli ba. Liman ne ya roƙi mutane aka bar maganar kotu, bisa sharaɗin kar in sake shiga ɗakin amarya da waya. Bai ma buƙaci faɗa ba, don tun daga lokacin ba wanda ya sake aiko mini, Inna ma aka daina kiranta. Kullum in na idar da sallar asuba sai in buɗe shafin ina addu'ar in tarar ya mutu, kullum sai ya buɗe, ga ta tana dariya. Haka har ta gama idda. Bayan 'yan makonni na danna, shafin ya ƙi buɗewa. Aka je wa mijin da batun sabon ɗaurin aure, danginsa suka ce hoton ai yana wayoyin mutane, a bar maganar.

Duk da haka na ce sai na je Mashi na gaya mata da bakina. Na same ta a bayan ɗaki tana surfe, ta rame har na kusa kasa gane ta. Na durƙusa na ce 'yar'uwa, ki yafe mini, an rufe shafin. Na zata zagi zan sha, da ma shi na je karɓa. Ta ajiye taɓarya ta dube ni. Sai ta ce wai duk Mai'aduwa an ga hoton nan, direbobi sun gani, 'yan kara sun gani, ita kaɗai ce ba a taɓa nuna wa ba, ko ina da shi ta gani. Na ce na goge. Ta ce ba komai, da ma so take ta ga yadda fuskarta take ranar, don ta manta. Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, ni kuma ban da bakin sake tambaya.

Na yi ta juya abin nan a raina. Kunya ce ta hana ni koyo, ita ta hana ni zama in ware hotuna, kuma mutuncin da nake karewa nawa ne ni kaɗai, ban tuna da na matan da suka buɗe mini ɗakinsu ba. Da na tafi da Yaya ko da Inna sun zauna a gefe na koya, ba wanda zai ce komai. 'Yan'uwana mata masu sana'a, masu ɗinki da masu kitso da masu turare, duk wadda za ta buɗe shafi ta tambayi mai haɗawar tun ranar farko: in ka tafi, zan iya cire abu da kaina? In ya ce a'a, ki tashi. A yi rajista da sunanki, kalmar sirri ta zauna a wurinki, ki gwada cire hoto da hannunki a gabansa kafin ki fita. Kar ki ba kowa katin wayarki, ko ɗan'uwanki ne. Abin da kika gani a ƙuryar ɗakin wata kuwa, ki bar shi a ɗakin. Ina roƙon duk wanda hoton nan yake cikin wayarsa, in ya karanta wannan, ya ji tsoron Allah ya goge. Ita tana nan Mashi gidan iyayenta har yau.